Kilomita Biyar Kafin Unguwar Kaɗanya

Tayyib ya yi wata huɗu da sayen motar lokacin da ƙanwarsa Ramlat ta kira shi daga Batsari ta ce Baba yana nemansa. Jif ce ruwan toka, 'yar Kwatano, irin masu haɗin fetur da batir. A cikin Kaduna, inda yake aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, da ya shiga cunkoso sai injin ya ɗauke da kansa, motar ta ci gaba da silalawa a kan batir kamar ana tura ta. Lita ɗaya kan kai shi kilomita goma sha biyar, wani lokaci har sha shida. Yana ji da ita ƙwarai, don tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo abokan aikinsa da yawa suka jingine motocinsu, shi kuwa yana hawa tasa kullum.

Mahaifinsa, Malam Armaya'u, manomi ne daga Unguwar Kaɗanya, wani ɗan ƙauye da ke yamma da Runka, kusa da bakin daji. Shekara biyar ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, ya dawo Batsari yana zaune a ɗaki biyu bayan kasuwa. Matarsa Lami ta rasu damina ɗaya kafin tashin, kabarinta yana can. Ramlat ce ke kula da shi, mijinta yana ci-rani a kudu. Tun bara ciwon zuciya ya kama tsohon. Ƙafafunsa sun kumbura, in ya taka daga ɗaki zuwa zaure sai ya zauna ya huta.

Tayyib ya iso ranar Juma'a da yamma, ta Dutsin-ma da Safana. Bayan sun gaisa, sun yi tambayar iyali da aiki da jikokin da aka bari a Kaduna, tsohon ya gyara zama a kan buzu.

"Injiniya," haka yake kiransa tun da ya gama makaranta, "an ce hanya ta lafa tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga. An ce wasu sun koma, har sun yi noma bana."

"Haka na ji, Baba."

"To, ka kai ni in gani. Ba kwana zan yi ba. In tsaya kan uwarku in yi mata addu'a, in leƙa gona, mu juyo. Babur ba zan iya ba, a-kori-kura kuma jijjigarta kashe ni za ta yi. Amma wagga taka, na ga kujerunta kamar gado."

Tayyib ya dubi Ramlat. Ta sunkuyar da kai, alamar ta sha jin maganar nan.

"Gobe in Allah ya kai mu," in ji shi.

Da safe ya zagaya gidan mai guda ɗaya da ke aiki a garin, ya tarar an ɗaure igiya a ƙofa, tanka ba ta iso ba tun shekaranjiya. 'Yan bumburutu kuwa tun da aka hana sayar da mai a jarka suka yi ɓatan dabo. Ya dubi allon gaban direba. Lambar da ke nuna nisan da man zai kai shi ta ce kilomita ɗari biyu da huɗu. Ya lissafa a ransa: daga Batsari zuwa Runka, daga Runka zuwa ƙauyen, a dawo Runka, a zarce Safana a sha mai. Duka bai kai kilomita casa'in ba. Ya koma gida hankali kwance.

A ƙofar gida ya tarar da Mani, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya shekara talatin yana jan a-kori-kura tsakanin kasuwannin Batsari da Runka da Safana. Yana zagaya motar, hannu a baya.

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, Tayyib. Ka samu man?"

"Babu. Amma wanda ke ciki ya ishe mu har da ragi. Ka ga, Kawu, ita ba kamar taka ba ce. Rabin tafiyar a kan batir take yi."

Mani ya leƙa ta taga ya dubi allurar mai, ba lambar ba. "Wannan bai kai kwata ba."

"Lambar ta ce ɗari biyu."

"Ita lambar ta san hanyar Kaɗanya? A kwaltar Kaduna ta yi karatunta. Daga Runka in ka sauka, rairayi ne da taɓo, ga damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Bari in sa tiyo in zuƙo maka galan ɗaya a tawa. Ba ni da lodi yau."

Tayyib ya yi dariya. Ya san galan ɗin nan shi ne abin da Mani zai fita da shi kasuwa jibi, kuma bai san yaushe tanka za ta zo ba. Ban da haka, akwai ɗan abin da ya sosa masa rai, a ce motar da ya yi ta yabo a gaban mahaifinsa sai tsohuwar a-kori-kura ta yi mata ciko.

"Bar shi, Kawu. Wallahi ba ma buƙata."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ku dai fito daga dajin nan kafin la'asar. Sulhu sulhu ne, amma ba a gwada shi da yamma."

Suka ɗauko tsohon su biyu suka zaunar da shi a gaba, suka kwantar masa da kujera kaɗan. Ya sa farar rigarsa ta sallah da hula, Ramlat ta zauna a baya da kwandon abinci da ledar magani. Tayyib ya kunna sanyin mota, don in zafi ya yi yawa numfashin mahaifinsa kan sarƙe.

Har Runka tafiya ta yi daɗi. Kwaltar ta faffashe, amma motar tana haɗiye ramukan. Malam Armaya'u, da ya yi watanni ba ya doguwar magana, bakinsa ya buɗe. Yana nuna gonaki yana faɗin masu su. Ya ga inda aka yanke gero aka jera dammuna, ya ce wannan ya yi sammakon shuka. Ya ga dawa ta sunkuya da nauyi, ya ce ma sha Allah har sau uku. Da suka sassauta a wani shingen jami'an tsaro injin ya ɗauke, ya juyo da sauri.

"Ta mutu?"

"A'a, Baba, batir ne ya karɓa."

"Ikon Allah. Jaki ma in ya tsaya sai ya yi atishawa."

Ramlat ta yi dariya har da hawaye. Ta ce rabon da ta ji Baba ya yi raha tun azumi.

Bayan Runka kaɗan suka sauka daga kwalta suka miƙi yamma. Lambar ta ce ɗari da hamsin da biyar. Tayyib ya lura ta ci fiye da yadda ya zata, amma bai damu ba.

Daga nan hanya ta canza. Shekara biyar babu mai gyara ta, ruwa ya yi mata yadda ya so. Wani wurin rairayi ne mai zurfi da sai ya sa ƙaramar giya ya danna sosai, wani wurin zaizaya ta cinye rabin hanyar sai ya hau gefen gona. Injin da ya saba hutawa bai sake ɗaukewa ba ko sau ɗaya. Batir ɗin ya zube tun a hawan farko, injin ya koma yana jan motar, yana cika batir, yana kuma riƙe da sanyi. Lambar ta fara sauka bibbiyu, uku-uku. Sun yi kilomita shida, ta cinye talatin.

A wani kwalbati da ruwa ya karya, dole suka zagaya ta cikin fadama. Nan motar ta kafe. Tayyib ya yi gaba, ya yi baya, tayoyi huɗu suna watsa laka, motar tana ƙara nutsewa. Ya fita ya naɗe wando ya shiga haƙa da hannu, Ramlat ta karyo rassan geza tana cusawa ƙarƙashin tayoyi. Ba su kashe motar ba, don da suka gwada minti biyar tsohon ya fara haki. Sun fi awa ɗaya a wurin kafin wasu mutum biyu masu ɗauke da lauje suka biyo suka taya su turawa.

Da ya koma mazauninsa, jiki duk laka, lambar ta ce sittin da ɗaya. Ya ja mota.

"Yaya, lafiya?" Ramlat ta tambaya daga baya.

"Lafiya lau."

Tsohon ya dubi fuskar Tayyib. Ya daina nuna gonaki. Nan ma babu gonakin da yawa, sai sabara da ciyawa da suka cinye filayen da ya sani. Can ya ce, "Nan ta Alhaji Umar Faruk ce. Dami ɗari uku yake ɗauka."

Ƙarfe biyu saura suka iso bakin gulbi. Ruwa ya janye, sai faffaɗan yashi mai laima da ɗan siririn ruwa a tsakiya. A tsallake hanya ta hau tudu, can nesa kuma ana hango kan wasu manyan itatuwa. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon. Lambar ta ce ashirin da tara.

Tayyib ya tsaya. Yanzu ya gane yadda lambar take yi: duk kilomita ɗaya na hanyar nan, kusan biyu take cirewa, ko fiye. Sun yi sha shida daga kwalta. In ya juya yanzu, da ƙyar ya kai Runka. In ya shiga yashin nan, ya yi biyar zuwa ƙauyen, ya yi biyar dawowa, motar za ta mutu da su a tsakiyar daji, da mara lafiya, da mace, la'asar tana gabatowa. Ya zaro waya, babu sabis ko ɗigo.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Injiniya," in ji mahaifinsa a hankali. "Man ne ko?"

"Baba…"

"Tun fadama nike kallon fuskarka. Ba ya kai mu?"

"Zai kai mu. Dawowar ce babu."

Ramlat ta matso. "Yaya, ba ka ce batir yana ja ba?"

"Ba ya ja a nan. Sai a gari."

"To mu je mana, ko a can a samu wani mai babur ya…"

"Wa ke da fetur a Kaɗanya, Ramlatu?" tsohon ya katse ta. "Mutanen da suka koma da ƙafa? Buɗe mani ƙofa."

Suka fito da shi, ya dafa kafaɗar Tayyib, suka taka har inda yashi ya fara. Ya tsaya yana numfashi da ƙyar, ya kare ido da tafin hannu.

"Waccan doguwar, ita ce kukar masallaci. Ta hagunta kaɗan, inda suka yi duhu, nan ne maƙabarta. Ko ba haka ba? Idona ba ya kai wa sosai."

"Haka ne, Baba," in ji Ramlat, ko da yake ita ma duhun ganye kawai take gani.

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ya ambaci Lami, ya ambaci iyayensa, ya ambaci wasu sunaye da 'ya'yan ba su sani ba. Suka shafa tare. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya taɓa yashin, ya miƙe.

"Addu'a ba ta buƙatar mota. Mu tai gida."

"Baba, ka yafe mani. Kawu Mani ya ce in karɓi galan, na ƙi."

"Na ji ku ta taga. Ni ma da na so, da na sa baki. Daɗi nike ji ɗana ya zo da motar da ba ta roƙon kowa. Mu tai, rana tana yi."

Tayyib ya kashe sanyin motar a hanyar dawowa, suka sauke gilasai. Ramlat ta yi ta yi wa tsohon fifita da murfin kwando. Lambar ta koma sifili tun suna hango rufin kwanon Runka, motar ta ɗan ƙara tafiya, ta yi shaƙuwa biyu, ta mutu ana saura taku kaɗan su hau kwalta. Wani mai shago ya shimfiɗa wa Malam Armaya'u tabarma a inuwa, Tayyib ya hau acaɓa zuwa Safana. Sai da ya yi dogon bayani a gidan mai kafin aka yarda aka zuba masa a galan. Ana kiran magariba suka shiga Batsari.

Mani yana zaune a dakalin ƙofar gida. Ya dubi lakar da ke jikin motar, ya dubi fuskar Tayyib. Ya zo ya kama tsohon suka shiga da shi.

Ranar Lahadi Tayyib zai koma Kaduna, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce nan da mako biyu zai dawo da tanki cike da jarka biyu a baya, su tafi tun asuba.

"Allah ya kai mu," in ji tsohon. "Ka gaida yaran."

Kwana tara bayan nan, yana wurin aiki a wani ƙauye kusa da Kaciya, Ramlat ta kira ta ce Baba ya rasu. Bai samu jana'iza ba. Ta ce tun ranar tafiyar jikin bai koma daidai ba, amma bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa ya je gida ya gano, gero ya yi kyau bana.

Bayan addu'ar bakwai, Tayyib ya samu Mani ya ce yana so ya je Unguwar Kaɗanya. Mani ya dubi jif ɗin da ke fake a gindin bishiyar bedi, sannan ya shiga gida ya turo tsohon babur ɗinsa. Suka zuba lita uku. Kafin azahar sun haye gulbin, Mani yana tafe da ƙafafu a ƙasa, Tayyib yana turawa a inda yashi ya yi laushi.

Ƙauyen gida bakwai ne kawai ke da hayaƙi. Sauran katangu sun zube, tafasa ta fito a tsakar gidaje har ƙugu. A gindin kukar masallaci suka tarar da wani tsoho siriri yana gyaran igiya. Jinjiri ne, abokin Malam Armaya'u tun suna kiwon awaki. Ya riga ya ji rasuwar. Ya riƙe hannun Tayyib ya daɗe bai saki ba, suka yi gaisuwa, suka yi wa mamacin addu'a.

"Ranar nan mun jira ku," in ji Jinjiri.

Tayyib ya ɗago. "Kun san muna zuwa, Baba?"

"Wasu da suka taya ku tura mota a fadama, su suka yanko ta gona suka faɗa mana. Suka ce ga Armaya'u nan tafe cikin farar riga. Matata Saude ta kama zakara aka yanka. Ni kuwa na kasa zama, na ce bari in tarbe shi a gulbi. Ina kan tudu na hango mota tsaye a tsallake, na ga mutum uku. Na ɗaga sanda, na yi kira. Ƙafa ba ta da sauri yanzu. Kafin in gangaro kun juya." Ya dubi Tayyib. "Na ce ko wani abu kuka gani ya tsorata ku."

"Mai ne ya ƙare mana."

"Mai?" Jinjiri ya saki igiyar. "Fetur? Ai akwai galan biyu a ɗakina. Na injin ban-ruwa ne, muka haɗa muka saya saboda rani. Har yau ba a taɓa shi ba."

Mani ya kawar da kai ya dubi wani wuri. Tayyib ya zauna a kan saiwar kuka, ya rufe fuska da hularsa. Kukan da bai yi ba a waya, bai yi ba a zaman makoki, nan ya zo masa. Tsofaffin biyu suka bar shi. Sai da ya lafa Jinjiri ya dafa shi.

"Ba ka sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da aka rubuta masa ke nan, bakin gulbi. Tashi in kai ka wurin uwarka, don kai kaɗai ba za ka gane shi ba."

Gaskiya ne. Ciyawa ta rufe maƙabartar, kaburbura sun baje sun zama ɗaya da ƙasa. Jinjiri ya ratsa da sandarsa har wani wuri kusa da kututturen aduwa, inda aka kafa fasasshen tulu, ya ce nan ne. Tayyib ya tsuguna ya cire ciyawar da hannu, ya yi addu'a. Daga nan suka bi ta gonar mahaifinsa. Rabinta ta zama daji, rabin kuwa karan gero ne a tsaye, an riga an yanke.

"Ni na taɓa ɗan wurin nan bana," in ji Jinjiri. "Ban nemi izini ba, don babu hanyar nema. Na ce in ya zo mu yi magana. Dami goma sha ɗaya aka samu. Nashi yana rumbu."

Tayyib ya ce a bar shi duka, a ci. Jinjiri ya ƙi. Suka yi ta ja har Mani ya raba su, ya ce babur ba zai ɗauki fiye da ɗaya ba. Saude, matar Jinjiri, ta kawo musu fura suka sha a tsaye, saboda rana ta fara karkata. Aka ɗaure damin a bayan babur, Tayyib ya zauna a matse tsakaninsa da Mani, kan geron yana sukar bayansa har Batsari.

Ramlat ta sussuke shi ta ajiye a tukunya. Ranar arba'in ta jiƙa, ta daka da kanta, ta yi gumba. Aka raba wa maƙwabta da mutanen Kaɗanya da ke zaune a garin, kowa ɗan dunƙule ɗaya, har ya ƙare.